Ƙumba da Zafin Ruwa: Tarihin Wata Wuta Marar Hayaƙi

A ƙasar Gaya da Ajingi ruwa iri biyu ne. Akwai kogin da ya samo asali daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, ya ratsa Wudil, ya bi ta gefen Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja. Akwai kuma ruwan da ba ya zuwa ko'ina, wato kududdufai da fadamu irin waɗanda mutanen Kademi da maƙwabtansu suka sani, masu tumbatsa a watan Agusta su janye kafin bazara. A ƙasan kogin, da cikin tafkunan da ambaliyarsa ke bari a baya, akwai wata halitta da ba kasafai ake ganinta da rai ba. Ɓawonta aka fi sani: fai-fai guda biyu masu kama da tafin hannu a haɗe, baƙi-baƙi daga waje, ciki kuma yana ƙyalli. Ita ce ƙumba. Sunan ba na banza ba ne, don a wasu sassan ƙasar Hausa farce ake kira ƙumba, kuma duk wanda ya ɗora ɓawon a tafinsa zai ga dalili. Ɓawon ya daɗe yana aikin makankari a gidaje. Mai ɓawon kuwa tana can binne cikin yashi ko taɓo, ta leƙo da ɗan bakinta kawai, tana zuƙar ruwa tana tace abin da za ta ci.

Abu ɗaya ne ya mallaki rayuwar wannan halitta fiye da komai, shi ne zafin ruwan da take kwance a ciki. Jikin ɗan Adam yana tsaye a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko ana hunturu ko ana bazara. Ƙumba ba ta da wannan gata. In ruwa ya yi sanyi ta yi sanyi, in ya ɗau zafi ta ɗauka, kuma bugun zuciyarta, da narkar da abincinta, da yawan iskar da take buƙata, duk suna hawa da sauka tare da shi. Sai da masana suka shafe fiye da ƙarni guda kafin su gane yadda abin yake, kuma tarihin ganowar ya shafi Kogin Haɗeja kai tsaye.

Tun kafin masana, mutane sun san ƙumba a matsayin abinci. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, inda tawagar Paul Sereno ta ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tarar da tulin ɓawon ƙumba da ƙayar kifi da mutanen bakin wani tafki suka bari shekaru dubbai da suka wuce, a wurin da yau babu komai sai rairayi. A rubuce kuwa, Bafaranshe Michel Adanson, wanda ya isa Senegal a 1749, ya bayyana wata ƙumbar ruwan daɗi a littafinsa na 1757 ya kira ta Mutel. Daga nan aka samo sunan Mutela, ɗaya daga jinsunan da ke cikin kogunan yankin Tafkin Cadi, tare da Aspatharia da Chambardia da Coelatura. Amma Adanson da waɗanda suka biyo shi ɓawo suke tarawa suna raɗa masa suna. Abin da ke gudana a cikin naman bai dame su ba.

Wannan tambaya ta fito ne daga wani gefe dabam. A farkon shekarun 1780, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka sanya ɓeran Masar cikin wani akwati kewaye da ƙanƙara a birnin Paris, suka auna yawan ƙanƙarar da zafin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da iskar da ya fitar. Suka ce numfashi ƙonewa ne, irin na gawayi, sai dai a hankali kuma ba harshen wuta. Jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin don ya samu ƙarfi. To, dabbar da jikinta ke da sanyi fa, ita ma tana da wannan wuta? Wani limamin coci ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana rufe dodon koɗi da ƙumbar ruwan daɗi cikin kwalabe yana auna iskar da suka rage. An buga sakamakon a 1803, shekara huɗu bayan rasuwarsa. Amsar ita ce suna da wutar, amma tana ci ne gwargwadon yanayi: in an yi sanyi ta lafa har kusan ta mutu, in an yi ɗumi ta farfaɗo.

Lissafin abin ya jira masana sinadarai. A 1884 ɗan ƙasar Holan Jacobus van 't Hoff ya nuna cewa yawancin haɗuwar sinadarai saurinta yana ninkawa biyu, wani lokaci uku, duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri goma. Svante Arrhenius na Suwidin ya ba abin cikakken tsari a 1889. Sannan August Krogh na Danmak, a 1914, ya auna numfashin kifi da kwaɗo da wasu ƙananan halittu a mataki-matakin zafi, ya ga layin da ya zana ya bi kusan wannan ƙa'ida. Daga nan masana suka riƙa amfani da wata alama, Q10, wadda ma'anarta kawai ita ce: sau nawa wutar jiki ke ninkawa in an ƙara digiri goma. Ga ƙumba da danginta na teku, amsar kan faɗo a wajen biyu.

A kawo wannan lissafi gida. A Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ke kaɗawa kuma daren Kano ke sauka ƙasa da digiri 15, ruwa marar zurfi yakan wayi gari ƙasa da digiri 20. A Afrilu, da rana tsaka, wannan ruwan yakan haura 30. Tazarar digiri goma zuwa sha biyar ke nan, wato buƙatar ƙumba ta iska da abinci ta ninka biyu, ko ta doshi uku, ba tare da ta motsa daga inda take ba. Matsalar kuma tana da baki biyu, don ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Lita ɗaya ta ruwan daɗi tana iya ɗaukar miligiram 9 na oksijin da ɗan ɗoriya a digiri 20, amma a digiri 30 abin da take ɗauka bai wuce 7.6 ba. Ga shi a bazara tafki ya tsuke, kifaye sun cunkushe, ganye da kashin shanu suna ruɓewa suna cinye sauran iskar. Buƙata ta hau, kasuwa ta yi ƙaranci. Duk mai albashin da ya ga farashi ya ninka alhali kuɗin hannunsa ya ragu ya san irin wannan hali, bambancin kawai shi yana iya neman bashi.

Da ƙa'idar van 't Hoff ce kaɗai ke mulki, da ba a ga ƙumba a ƙasa mai zafi irin wannan ba. Waɗanda suka fara nuna cewa akwai sauran magana 'yan Danmak ne biyu, Ragnar Spärck da Gunnar Thorson, dukansu a 1936. Thorson ya yi aiki a gabashin Girinlan, inda ruwa ke dab da daskarewa duk shekara. Da aka kwatanta dangin ƙumba na can da na tekuna masu ɗumi, sai aka ga kowane jinsi ya daidaita wutarsa da ruwan gidansu: na ƙasar sanyi ba su yi kasalar da lissafi ya yi hasashe ba, na ƙasar ɗumi kuma ba su ƙone ba. An yi ta jayayya daga baya kan girman wannan daidaitawa, kuma wasu masana na shekarun 1970 sun nuna cewa an zuzuta ta, domin dabbar da aka ciro daga gidanta aka jefa cikin kwalba firgici kaɗai ya isa ya sa ta haƙi. A 1967 Richard Newell da abokin aikinsa Northcroft a Ingila suka ƙara wani bayani: a wasu halittun bakin teku, numfashin lokacin aiki ne ke hawa da zafi, na lokacin hutu kuwa bai cika motsawa ba. Shi ma an yi ta gardama a kansa. Amma abin da ya tsira daga gardamar yana da muhimmanci, wato dabbar ba ƙwaryar sinadarai ba ce da aka ɗora a murhu. Tana da abin yi.

Abin yin nata guda biyu ne, kuma dukansu sun dogara da ƙasa. Na farko shi ne nutsewa. Ƙumba tana da tsoka ɗaya mai kama da harshe da take turawa cikin taɓo, ta kumbura bakinta ya kama, sannan ta ja jikinta ƙasa. Rana tana dafa saman yashi, amma taƙi ɗaya a ƙasa zafin ya ragu, kuma bambancin dare da rana ya kusan ɓacewa. Duk wanda ya taɓa tona yashin rafi da rani don ɗebo ruwa ya ji wannan sanyin a hannunsa. Na biyu shi ne rufewa. In ta haɗa ɓawonta ta datse, sai bugun zuciya ya faɗi, ta daina dogaro da oksijin, ta koma cin sitacin da ta tara a jiki ta wata hanya mai tsimi. Wannan hanya tana haifar da tsami a jini, sai ta narkar da ɗan allin cikin ɓawonta ta kashe shi. Wato gidan nata shi ne kuma rumbun maganinta. A 1958 masanin ɓawo na Birtaniya Peter Dance ya ba da rahoton wata ƙumbar Afirka ta jinsin Aspatharia da ta rayu kimanin shekara guda ba ruwa, aka mayar da ita ciki ta buɗe.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara, sai dai a jikin gaiwa ya san ta. Masunta sun daɗe suna haƙo gaiwa da rani daga busasshiyar fadama, a naɗe cikin kwanson majina, kuma maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci ta zo daidai da abin da Ba'amurke Homer Smith ya auna a wajen 1930: kifin yana rage wutarsa ƙwarai, ya rayu da naman tsokarsa har ruwa ya dawo. Ƙumba ita ce maƙwabciyar gaiwa da ba ta samu kirari ba.

Ribar rage wuta ba ta tsaya ga tsallake rani ba. A 2006 masu bincike daga Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka ciro wata ƙumbar teku ta jinsin Arctica islandica daga ruwan arewacin tsibirin Aislan. Ɓawon irin wannan halitta yana ajiye layi ɗaya kowace shekara, kamar gindin bishiyar da aka yanke. Da farko an ƙirga 405, da aka sake dubawa a 2013 sai aka samu 507. An haife ta ke nan a 1499, shekarar da, bisa lissafin da aka saba yi wa tarihin sarakunan Kano, mulkin Muhammadu Rumfa ya ƙare. Ta kwanta cikin yashi mai sanyi har aka yi Jihadi, Turawa suka ci Kano a 1903, aka samu 'yancin kai, sannan masu neman sanin shekarunta suka yi ajalinta. Wannan jinsi yakan nutse da kansa ya rufe na kwanaki, ko da ba abin da ya kore shi. Haka kuma ƙumbar lu'ulu'u ta kogunan Turai: a Sifen mai ɗumi takan yi shekara talatin zuwa arba'in, a arewacin Suwidin kuwa takan haura ɗari, wasu su doshi ɗari biyu. Jinsi ɗaya ne, ruwa ne ya bambanta. Ƙumbar ƙasar Hausa tana ɗaya ƙarshen wannan ma'auni: tana girma da sauri, tana ƙonewa da sauri, kuma hutun da take samu shi ne sanyin hunturu da barcin rani.

A nan ne tarihin kogin ya shigo. Kafin shekarun 1970, Kogin Haɗeja na damina ne. Yakan cika ya malala cikin fadamu a Agusta da Satumba, ya ja baya da kaka, kafin bazara ya zama shimfiɗar yashi da 'yan tafkuna nan da can. Rayuwar ƙumba a kan wannan jadawali aka gina ta, har da haihuwarta. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, kuma ba sa iya girma sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci, kamar yadda Geoffrey Fryer ya nuna a kan Mutela a ƙasar Yuganda a wajen 1960. Kifin da ya hau ambaliya shi ne motar da ke kai su sababbin wurare. Zafi ya nunar da ƙwai, ruwa ya kawo kifi, kifi ya kwashi 'ya'ya. In ɗaya ya saɓa lokaci, shekarar ta tafi.

Abubuwa biyu suka taɓa jadawalin kusan a tare. Na farko fari ne. A Tafkin Cadi, inda ruwan Haɗeja ke ƙarewa ta hanyar Kogin Yobe, masanin Faransa Christian Lévêque ya shafe ƙarshen shekarun 1960 yana auna halittun ƙasan tafkin, ya tarar ƙumba da dodon koɗi su ne mafi yawan nauyinsu. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 ya rabe biyu a 1973, kuma a 1975 ɓangaren arewa ya ƙafe. Dabarar da ke tsallake rani ɗaya ba ta tsallake rani uku a jere. Na biyu madatsa ce. A 1974 aka kammala Tiga a kan Kogin Kano, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. A 1992 Challawa Gorge ta biyo baya. Daga nan kogin da ke wuce Wudil ya daina ƙafewa da rani, ambaliyar damina kuma ta ragu, kuma a can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru ciyawar kacala ta samu ruwan dindindin ta toshe hanyoyi.

An yi muhawara mai zafi a kan waɗannan madatsu, kuma an yi ta da hujja. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa abin da kowace kubik mita ke samarwa a dausayin Haɗeja da Nguru, ta noma da su da itace, suka kwatanta da abin da take samarwa a gonakin Kadawa, suka ce dausayin ya fi riba nesa ba kusa ba. Amma muhawarar kacokan a kan yawa take: nawa za a saki, wa zai samu. Zafin ruwan da lokacin zuwansa ba su da kujera a teburin, kuma wannan giɓi ne na gaske, don an ga abin da ya haifar a wani wuri. A kudu maso gabashin Amurka, inda jinsunan ƙumbar ruwan daɗi suka fi yawa a duniya, madatsun da aka gina a tsakiyar ƙarni na 20 suna sakin ruwa daga can ƙasan tafki, mai sanyi ƙalau ko da bazara. A Kogin Cumberland manyan ƙumba suka ci gaba da rayuwa shekaru gomomi ba tare da sun haihu ba. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike suka kwashe wasu daga ciki suka mayar ruwa mai ɗumi a Tafkin Kentucky, sai ga su sun fara ƙwai. Ruwa bai taɓa yanke musu ba. Digiri kaɗan ne suka rasa, kuma saboda tsawon ransu sai da aka daɗe kafin a lura cewa tsofaffi kawai suka rage.

Tiga ba Cumberland ba ce. A ƙasa mai zafi bambancin saman tafki da ƙasansa bai kai na can ba, kuma ruwan yana ɗaukar zafin rana a doguwar tafiyarsa kafin ya iso Ajingi. Canjin da ya fi girma a nan shi ne cewa ƙumbar da a dā take rufe bakinta ta yi barci a watannin da suka fi zafi, yanzu tana buɗe tana aiki a cikinsu. A ido kamar alheri ne, don ba ta fuskantar ƙafewa. Amma aiki a digiri 30 yana nufin zuƙar ruwa da yawa, kuma babbar ƙumba tana tace lita goma ko fiye a yini. Ruwan da take tacewa ya biyo ta bayan unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa, inda majemu na zamani ke amfani da sinadarin kuromiyam, kuma da rani ne ruwan ya fi ƙaranci, dauɗar ta fi kauri, oksijin ya fi faɗuwa. Lokacin da wutarta ta fi ci shi ne lokacin da abin da take shaƙa ya fi muni. Wannan tacewar kuma ba don kanta kaɗai ba ce: shimfiɗar ƙumba mai rai tana rage gurɓacewar ruwan da garuruwan bakin kogi ke sha, masu noman rani ke bai wa tumatir, masunta ke jefa koma a ciki, kuma ba ta karɓar ko kwabo.

Sauran kariyarta ita ce zurfi, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna darajarsa. Zafin da ya afka wa Turai a 2003 ya rage dodon koɗi da ƙumbar Kogin Saône na Faransa ƙwarai, kuma an ɗau shekaru ba su dawo yadda suke ba. A watan Yunin 2021, sa'ad da matsanancin zafi ya haɗu da janyewar teku a gaɓar yammacin Kanada da Amurka, halittun bakin ruwa suka mutu tuli, kuma masu binciken da suka bi sawu sun ga jinsunan da ke nutsewa can ƙasa sun fi na kusa da sama tsira. A Kogin Wudil wannan zurfin shi ne hajar da ake sayarwa. Birnin Kano yana faɗaɗa, bulo yana buƙatar yashi, kuma masu haƙa sun fi samun sauƙin aiki da rani, sa'ad da ruwa ya ja baya kuma tifa ke iya gangarowa har baki. Shebur yana ɗebe saman yashin ne, taƙi ɗaya ko biyu na farko, daidai inda ƙumba ke kwance a watannin Maris da Afrilu.